Yarinya Tana Kuka, Mace Tana Tsaye

Litinin, 3 ga Maris

A yau aka naɗa ni Babban Tafintan Gida, ba tare da an nemi ra'ayina ba. Yaya zai zo da 'yarsa wata mai kamawa, bayan shekara tara a ƙasar waje. Shekararta shida, kuma ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Hausa. Umma ta ce, "Ba zan yi hira da jikata ta bakin wanda ya hana ta yarena ba. Kai Auta, tunda zama kake yi, ka koyo nasu."

Tunda zama nake yi. Ladan digirina ke nan.

Laraba, 12 ga Maris

Manhajar koyon yaren da na sa a kwamfuta ƙa'idarta ɗaya ce: babu fassara. Hotuna huɗu su fito, murya ta faɗi jimla, ka taɓa hoton da ya dace, ka maimaita. In ka yi daidai ƙararrawa ta yi maka kirari. Wai haka jariri yake koyo. Da gemuna an mayar da ni goyo.

Na kafa doka: daga ƙarfe huɗu zuwa shida babu shiga ɗakina, babu Hausa. Umma ta leƙo da tsintsiya, na nuna mata ƙofa cikin ƙasaita. Ta ce, "Afuwa, Farfesa."

Asabar, 22 ga Maris

Doki yana gudu. Yaro yana ƙarƙashin tebur. Maki casa'in da huɗu. Kaf zuri'armu babu wanda ya taɓa sanin inda yaron nan yake sai ni.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Sun iso. Yaya ya yi tumbi. Ko zama bai gama yi ba ya ce yana da ganawa. "Auta, an ce ka zama masani. Ga ta nan." Ya fita.

Yarinyar ta tsaya tsakiyar falo rungume da jakarta, ta dubi ƙofa, ta ɓarke da kuka. Umma ta durƙusa gabanta.

"Faɗa mata nan gidansu ne. Faɗa mata ni na haifi babanta, kada ta ji tsorona."

Na gyara murya. Abin da karatun wata guda ya haifar, da lafazi tsaf, shi ne: "Yarinya tana kuka. Mace tana tsaye." Ko wannan ma ban yi daidai ba, a durƙushe take.

Yarinyar ta dube ni, ta ƙara sautin kuka.

Umma ta ce, "Me ka ce mata?"

"Na bayyana mata halin da ake ciki."

An koya mini in faɗi abin da ke cikin hoto. Ba a taɓa sa ni na yi wa na cikin hoton magana ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yarinyar ta yi mini doguwar tambaya. Na tsaya ina jiran hotuna huɗu su fito.

An sauke ni daga muƙami ba takarda. Umma ke ɗaga mata kofi tana cewa "ruwa", tana maimaitawa. Sai dai abin da Umma ke son faɗa ba ya ɗaguwa a hannu.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Sun tafi. A bakin mota yarinyar ta riƙe gefen zanin Umma ta yi magana. Umma ba ta dubi Yaya ba, ni ta duba. Kalma ɗaya na kama: "gida".

Na ce, "Ta ce za ta dawo."

Yaya ya kalle ni, ya mayar da ido kan wayarsa. Bai gyara ba. Ban tambaye shi ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ƙarfe huɗu Umma ta ƙwanƙwasa, ita da ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa a gidanta ba.

"Sa mini abin kunnen nan na kwamfutarka."

Sau bakwai ta maimaita "yarinya tana gudu" kafin ƙararrawa ta yarda da ita. Ta ce, "A darasi na nawa ake koyon 'yaushe za ki dawo'?" Na duba jerin har ƙasa, ban gani ba. Na ce yana gaba.

An soke dokar hana Hausa, bisa wasu dalilai na gudanarwa. Kujera ta biyu kuwa, don in riƙa ɗora ƙafa na shigo da ita.