Kazar da Ke Cikin Firij

Ikilima,

Na fita da wuri don in samu motar Garki kafin layin asibiti ya yi tsawo. Ban tashe ki ba, don ban san da wane ido zan kalle ki ba.

Abin da na yi jiya a gaban abokina Hadi bai dace ba. Kin kawo mana faten wake da alayyafo, ya leƙa kwano ya ce, "Oga, ina naman?" Maimakon in ce likita ne ya hana ni tun da aka yi min aikin zuciya, sai na ce, "Madam ce ta mai da ni akuya." Muka yi dariya, ke kuma kika ɗauki tire kika fita.

Ba na so a san ni mai ciwo ne, shi ya sa na ɗora miki. Alhali ke kika yi sati shida kina kwana a tabarma gefen gadona, ga shi kuma an rushe min shago. Wata takwas ke nan ke ma ba ki cin nama, don kar in ji ƙamshinsa a gida.

Na ga kazar da kika sayo bayan tafiyarsa. Don Allah kar ki dafa min ita. Ki soya ki ci, ke da yara.

Daga asibiti zan biya shagon Hadi in nuna masa ɗinkin da ke ƙirjina. Ki yafe min.

Hafizu