Shekara Goma Sha Biyu Ina Cewa Ni Ɗalibinta Ne

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ni ne shugaban masu rubuta manhajar kwamfuta a ofishinmu. Duk mai wannan sana'a ya san wata dattijuwar farfesa, ita ta fara koyar da aikin a jami'armu tun ana bin layi a kan kwamfuta ɗaya. Ita ta koya wa mutane cewa kafin ka miƙa aiki, sai ka karanta wa abokin aikinka shi layi-layi, ka faɗi da bakinka inda kake shakka.

Shekara goma sha biyu ina cewa ita ta koyar da ni. Gaskiyar magana, sati biyar na yi a ajinta. Na kwafi aikin wani, ta ce in karanta a gaban aji, na kai layi na tara na kasa bayani. Ba ta ko tsawata mini ba, ta ce in dawo gobe da nawa. Ban koma ba. Na canza darasi, in na hango ta a baranda sai in zagaya ta bayan ɗakin karatu. Daga baya a littafinta na koyi komai, wallahi har bangonsa ya fita.

Ranar da na je neman aiki baki ya suɓuce mini na ce ni ɗalibinta ne, na ga idon oga ya buɗe, sai na ƙara gishiri. Yanzu har labaranta nake ƙirƙira wa waɗanda ke ƙarƙashina. Matata ma ta yanko hotonta a jarida ta rataya a falo, wai malamar maigida. Kullum na shigo sai na sunkuyar da kai.

To ga shi oga ya gayyato ta yi mana lacca wata mai zuwa, ya ce ni zan gabatar da ita tunda ni ɗan gida ne. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko in ce ba ni da lafiya ranar?

Mai Sunkuyar Da Kai

AMSA

Ƙanena, ramin ƙarya ƙurarre ne, kai kuma ka iso ƙarshensa. Kwanciyar ciwo ba za ta fisshe ka ba, kana nan ko ba ka nan oga zai yi mata alfahari da kai.

Ba zan wanke ka ba, ka shiga ofis da rigar aro. Amma ba ƙarya ce ta riƙe maka kujera shekara goma sha biyu ba, aikinka ne, kuma ilminta ka sha da gaske.

Ka fara da matarka yau, kada ta ji a waje. Sannan ka sami oga shi kaɗai, ka faɗa masa a taƙaice, ban da kare kai. In ya ba wani gabatarwar, ko ya ɗan ja baya da kai, ka haƙura, kuɗin sabulun wanke ƙaryar ne. Ita kuma farfesar ka rubuta mata yadda ka rubuto mini.

Sai dai ka shirya wa abu ɗaya: mai yiwuwa ba za ta tuna ka ba sam. Dubban ɗalibai sun wuce ta gabanta. Matar da kake wa ɓuya duk shekarun nan wataƙila ba ta taɓa nemanka ba, kai kaɗai kake ta gudu. Ya isa haka, ka tsaya.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa ka gaishe ta kanka a ɗage.