Guɗar da Na Yi a Inda Ko Tari Ba a So

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, na zo in ba ki labarin abin kunyar da na tafka ranar Asabar. Ke kaɗai ce za ki yi mini dariya ban ji haushi ba.

Jikarki Hafsa, wadda kika bari tana rarrafe, yanzu shekararta goma sha tara. Goge take yi, irin na Turawa da suke kira violin. Na san abin da za ki ce: "Mu ba maroƙa ba ne." Ni ma a kan haka na tsaya. Shekara takwas tana koyo, ban taɓa zuwa na zauna na saurare ta ba. In matan unguwarmu Catford, a nan London, suka tambaye ni ina take, sai in ce ta tafi lesson, in kawar da zancen.

Su huɗu suke kiɗan tare. Babu mai tsaya musu da sanda yana jagorantarsu, ido kawai suke haɗawa, su ja numfashi, su fara. Akwai wani biki da ake yi duk shekara a wani ƙaramin gari a Austria, makaɗa daga ƙasashe su taru, manya su zauna da matasa suna gyara musu hannu. Tun tana sakandare ba ta da buri sai zuwa can. Ranar Asabar ɗin masu zaɓen waɗanda za su je bikin suka zo London su saurare su. Ta liƙa mini tikiti a jikin firji.

Na je, Inna. Na lallaɓa can baya da mayafina na zauna.

Da suka fara, sai na ga yarinyar nan da ko wanki ba ta iya ninkewa, ita sauran ukun suke jira ta ɗaga kai. Wallahi ban san sanda hawaye suka zubo mini ba. Can kiɗan ya tsaya. Ashe ba ƙarewa ya yi ba, kashi huɗu ne, kuma a tsakaninsu ko tari ba a so. To wa ya gaya mini? Kafin in ankara na toshe hanci na rangaɗa guɗa, irin wadda kika yi ranar saukata.

Kowa ya juyo. Wata dattijuwa cikin masu zaɓen ta gyara tabarau ta rubuta wani abu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara takwas yarinya tana wahala, ni zuwa ɗaya na zo na ɓata mata.

A bas ɗin dawowa gogen yana kan cinyarta. Sai da muka kusa gida na daure na ce ta yafe mini. Kin san yaran nan, ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Amma da Hausarta mai karyewa ta amsa. Ta ce duk sanda ta hau dandamali sai ta bi kujeru ɗaya bayan ɗaya tana nemana, yau ne kawai ta san ina ciki.

Har yanzu ba su faɗi waɗanda suka ɗauka ba, kuma ina tsoro. In sun ɗauke ta, ni zan raka ta filin jirgi, in riƙe mata gogen a gaban kowa. Ki yi haƙuri, Inna.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah kada Ya sa bakina ya tare wa yarinyar nan hanya.

'Yarki,
Rabi