Takardar Badun

Tudun Wada, daren Laraba

Gobe zan aika da takardar neman shiga jami'a a Badun, amma har yanzu ban cike gurbin fannin da zan karanta ba.

Ni lissafi nake so. A darasinsa kaɗai muryata ba ta rawa. Da yamma na yi niyyar gaya wa Baba, sai ga matan unguwa sun shigo yi mini barka. Gwaggo Ladi ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi maza ki dawo, likitarmu. Shekara biyu ina fama da ciwon mara, amma ba zan kwance zanena gaban namiji ba." Suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Na kasa gaya musu cewa ko kaza aka yanka, ɗaki nake gudu.

Baba ya sa hannu bai ko dubi gurbin ba. Ya ce, "Ke kika yi karatun, ke kika sani." Da ma ya tilasta mini, da na huta.

Hanyar gidan waya ɗaya ce, kuma ta ƙofar Gwaggo ta bi.