Maɓallin Da Na Danna Bai Rufe Kirana Ba

Zuwa ga Shugaban Kamfanin da ya ƙera manhajar kiran bidiyo ta kwamfuta.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni sunana Malam Ɗanjuma, kafinta ne a Unguwar Kanawa, nan Kaduna. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Haruna, tsohon mai buga tafireta a ma'aikata, shi ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na hana shi gyara mini ko kalma ɗaya.

Na farko. 'Yata Rabi tana aure a Fatakwal. Ita ta aiko mana da kwamfuta don mu riƙa ganin jikoki duk Juma'a bayan La'asar. Da Rabi ta zo ganin gida, abu ɗaya ta koya mini na riƙe: idan na gama da kowane abu, in danna jan maɓallin nan mai alamar X da ke sama ta hannun dama. A wajen hotuna na danna, ya rufe. A wajen sauraron karatu na danna, ya rufe, sautin ma ya ɗauke.

Na biyu. Juma'ar bayan ƙaramar Sallah mun yi hira da su a manhajarku. Mijinta yana kishingiɗe ya gaishe ni, ko tashi zaune bai yi ba. Da muka yi sallama na danna wannan maɓallin, fuskokinsu suka ɓace. Sai na juya na gaya wa mai ɗakina ra'ayina a kan surukin nawa, da tarbiyyarsa, da gidan da ya fito. Na daɗe ina faɗa. Ashe manhajarku ba rufewa ta yi ba, ta ƙanƙance ne ta koma ƙasan allo ta ɓuya, kira yana nan. Ba mu sani ba sai da muka ji kukan Rabi daga cikin na'urar.

Na uku. Malam Haruna ya ce wai akwai wani maɓallin dabam na katse kira, kuma haka kuka tsara da gangan. To wannan shi ne ƙorafina. Shekara arba'in ina kafa ƙofofi daga Kawo har Unguwar Dosa. Ban taɓa sa wa mutum sakatar da a ɗaki ɗaya take kullewa, a ɗaya ɗakin kuma ta bar ƙofa a sakaye ba. Da na yi haka ko sau ɗaya, da ba wanda zai sake kirana. Alama ɗaya, wuri ɗaya, launi ɗaya, sai aiki ya bambanta? Wa kuka gaya wa?

Kada a ɗauka janye maganata nake yi. Abin da na faɗa a kan yaron nan haka yake. Amma a ɗakina na faɗa, ga matata, bayan na rufe abin da aka ce mini shi ke rufewa. Yau Juma'a bakwai Rabi ba ta kira ba. Uwarta ce kawai take samunta a waya, shi ma idan ba na gida.

Buƙatata biyu ce. Ku sa maɓallin nan ya rufe, ya katse kira, kamar yadda yake yi a ko'ina. Idan kuma kun ƙi, to ya rubuto da manyan baƙaƙe, ya kuma faɗa da murya, cewa har yanzu ana jin mutum. Ba diyya nake nema ba, ba ku da abin da za ku biya ni da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya rufa maka asiri fiye da yadda manhajarka ta rufa nawa. Kwamfutar dai ina kunna ta duk Juma'a bayan La'asar, in zauna har a kira Magariba, ba na taɓa komai.

Wassalam.

Malam Ɗanjuma Kafinta,
Unguwar Kanawa, Kaduna.