Ƙanena zai gina gidan hutu a ƙasan ƙerana

Anti Paulina, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama. Abin da ke cikina ba na iya kai wa fasto, in kuma na faɗa a zumuntar mata, gobe a kasuwa zan ji shi.

Ni 'yar kasuwa ce, citta nake saye da sayarwa a Kafanchan shekara ashirin da 'yan kai. Na yi makaranta har aji uku na sakandare, sauran karatun a bakin sikeli na yi shi. Na faɗi haka ne don ki san ba a sayar min da ɗanyar citta a ce busasshiya ce. Ina kallon bakin buhu na san abin da ke ƙasansa.

A bayan ƙauyenmu, in kin bi hanyar Madakiya kin ratse, akwai wani tafki. Ba zan faɗi sunansa ba. Can muka yi wanki muna yara, can shanu ke shan ruwa, can ake kamun tarwaɗa da rani. Ban taɓa jin wanda ya ce yana da kyau ba. Tafki ne da sauronsa da kwaɗinsa. To shekara biyu ke nan wani kamfani ya zo daga Abuja ya hango abin da mu ba mu hango ba. Suka sayi bakin ruwan, suka kafa ƙaton allo da hoton wata mata mai baƙin tabarau tana kwance a kujera, suka raɗa wa wurin sunan Turanci mai tsawon da ko hedimasta sai ya huta a tsakiya. Wai gidajen hutu. Ni na san gidan zama, na san gidan haya. Gidan da mutum zai gina don kada ya zauna a ciki, a wurinsu na fara ji.

Ki zo ki ga masu saye. 'Ya'yan yankin nan ne fa, waɗanda suka tafi Abuja da Legas, suke sauka ranar ashirin da uku ga Disamba su gudu ranar biyu ga Janairu. An gama gida tara a can sama. Wata goma sha ɗaya ƙadangaru ne masu gida. Ɗaya ya haƙa wurin ninƙaya a tsakar gidansa alhali ga tafki yana kallonsa, ana kawo masa ruwa a tanka. Wani ya dasa ciyawa yana ba ta ruwa, a ƙasar da muke biyan mutane su cire mana ciyawa. Da yamma su fito baranda da gajeren wando suna ɗaukar hoton rana tana faɗuwa, sai ka ce a Abuja ba ta faɗuwa. Filin da a da ko akuya ba za a ba ka a kansa ba, yau sai ka sayar da mota. Dillalin kamfanin, wani Nelson mai takalmi mai tsini, kullum maganarsa fili huɗu suka rage. Tun bara huɗun nan suke rage. Ba na ganin laifinsa, ni ma haka nake cewa buhu biyu suka rage alhali sito cike.

Bana suka buɗe abin da suke kira layin gaba, wanda ya fi kusa da ruwa, ya kuma fi tsada. A nan damuwata take.

Kakanninmu sun dasa ƙerana a jere a gefen tafkin, itacen nan mai ƙaya da farin ruwa da muke shinge da shi. Baƙo zai ɗauka iyakar gona ce. Ba ita ba ce. Iyakar ruwa ce. Ƙasan ƙerana ana shuka masara da kuɓewa, in ruwa ya ci ya ci, amma ba a gini, ba a kafa rumbu, ba a binne mutum. Ba kowace shekara ba, sai a yi shida ko bakwai shiru, sannan wani Agusta a yi kwana uku ana ruwa a kan duwatsu, tafkin ya taso ya zo ya tsaya daidai gindin ƙerana. Sau huɗu na gani da idona. Na farko ina 'yar shekara goma sha ɗaya, muna gonar masara, na goya ƙanena Ishmael mai shekara uku na fito da shi, ruwa har ƙirjina. Na ƙarshe shekara shida ke nan, kafin kamfani ya zo. Su a watan Fabrairu suka yi awonsu, ƙasa ta bushe ƙamas. Katafila ta ture ƙeranar cikin yini ɗaya, aka ce tana ɓata kallo. Layin gaba gaba ɗayansa a ƙasanta yake.

Kowa a ƙauye ya sani, kowa ya yi shiru. Wanda bai sayar da fili ba yana ɗiban yashi, wanda ba ya ɗiban yashi ɗansa na gadi.

Ishmael ɗin nan da na goya, shi ne zai sa hannu a kan fili a layin gaba ranar Asabar ta sama. Bai tuna komai ba. Yana gama firamare aka kai shi makarantar kwana, daga nan jami'a, daga nan ofis a Abuja. Shekara ashirin da biyar bai ga Agustan gida ba. Kuɗin sallamarsa daga aiki zai zuba a wurin, ya ce a nan zai riƙa hutawa, in kuma baƙi sun zo yawon buɗe ido ya ba su haya. Ban san wane baƙo zai taso ya biya kuɗi sauro ya cije shi ba, amma ni ba mai digiri ba ce.

Sai matarsa, Emilia. Anti, ban taɓa zagin matar nan ba. Ita ce ke zuwa da ruwan roba a bayan mota don namu yana ɓata mata ciki, ita da aka haifa a Kauru. Kirsimetin da ya wuce na rungume ta a bakin coci, ta ja baya ta ce ƙamshin citta yana sa ta atishawa. Cittar nan ce ta biya wa mijinta kuɗin jarrabawa. Da aka zauna cin abinci ta buɗe waya tana nuna wa mata zanen gidan, ga falo mai gilas daga sama har ƙasa, ga inda za su sha shayi suna kallon ruwa. Ta ce a baya akwai ƙaramin ɗaki, Mama, mahaifiyarmu, za ta koma can ta riƙe musu makulli ta riƙa share ganye, ni ma in na zo ba za a hana ni kwana ba. Mama kuwa murna take, gwiwa ta hana ta sauka bakin tafki shekaru, ba ta san wane fili ba ne, ita dai ɗanta zai gina gidan gilas.

Ga gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba. Tun da cutar nan ta ruɓar da citta a gonaki, kasuwata ba ta miƙe ba. Nelson ya yi min alkawarin shago a bakin get, in sayar wa masu hutu lemo da burodi. In na buɗe baki shago ya tafi, 'yan ƙauye kuma su ce ni na kori arziki. Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi muni. Wani lokaci ina auna citta sai in ga kujerun Emilia suna yawo a kan ruwa, ita tana tsaye ta tattare zani, sai in ji ina murmushi ni kaɗai. Na ce a raina ai su ne masu ilimi, su tambayi takardunsu. Ranar Lahadi kuma in kasa bin waƙa a sujada.

In faɗa masa, ko in bar mai ilimi da iliminsa? In na faɗa ma zai ce baƙin ciki nake yi, na san shi.

Taku,
Mai Citta, Kafanchan

*

Mai Citta,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ban yi ba.

A kan masu hutu ba zan yi miki musu sosai ba. Na ga irin wuraren nan, get mai kyau, hanya babu, wuta babu, asibiti mai nisa. Kasuwarsu kuma ba ta da gindi, domin mai sayen gidan hutu a wurin mai gidan hutu wani mai gidan hutun ne, ranar da su tara suka so sayarwa tare ba za su ga na goma ba. Amma ki rage. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar yana haya a garin wasu, ya ce yana son ya buɗe taga ya ga ruwan garinsu, bai yi zunubi ba. Ya fi wanda ya kai kuɗinsa Legas bai waiwayo ba. Wautarsu ɗaya ce, suna sayen gida da idon Disamba. Masu sayarwa kuwa ba wawaye ba ne. Wanda ya ture shinge bai tambayi dalilin dasa shi ba, ya san amsar ce ba ya so.

Yanzu ke. Kin ce kina kallon bakin buhu ki san ƙasansa, to ba ki leƙa ƙasan naki ba. Ki koma ki karanta abin da kika rubuta da hannunki. A watan Agusta Emilia tana Abuja a ƙarƙashin fanka. Ishmael ma haka. Wa ke cikin gidan? Wa aka ba makulli da tsintsiya a ɗakin baya? Tsohuwar da gwiwa ta hana ta sauka bakin tafki, ita za ki jira ta hau da gudu? Kin zauna kina kallon kujerun kishiyar zuciyarki a kan ruwa, ba ki ga katifar mahaifiyarki a bayansu ba. Haka haushi yake yi wa masu wayo.

Saboda haka ba tambaya ba ce, za ki faɗa. Abin da ya rage shi ne yadda za ki faɗa ya ji.

Kada ki yi a waya, kada ki yi a gaban Emilia, kada kuma ki fara da tarihin kuɗin jarrabawa. Ki ce ya zo kwana ɗaya kafin Asabar. Ki kai shi wurin da ƙafa. Ƙerana ba ta mutuwa da turewar katafila, za ki sami inda ta sake tsirowa, ki nuna masa layin. Ki tafi da dattawa biyu daga ikilisiyarku waɗanda ba su ci komai a cinikin ba, su faɗa da bakinsu. Sannan ku zauna da Mama, ya gaya mata daidai inda filin yake. Ina tabbatar miki murnar gidan gilas za ta tsaya a nan, kuma abin da ba zai karɓa daga yayarsa ba zai karɓa daga uwarsa.

Ki ba shi abin yi, ba tsoro kaɗai ba. Ya ɗauko mai awon ƙasa nasa, ba na kamfani ba. Ya kai takardun ofishin filaye a duba. Ya ce wa Nelson zai sa hannu bayan ya ga wurin a ƙarshen damina. Ke kin san fili huɗun nan za su jira shi. In har yanzu yana son tafkin, ya sayi na sama da ƙerana, ya fi araha, rana kuma a can ma tana faɗuwa.

Batun shago, alkawarin dillali mai takalmi mai tsini ne, ba a takarda ba. Ke da kike sayar da citta ga masu saye duk shekara, za ki zauna gadin lemo wata goma sha ɗaya kina jiran Disamba? Ba asara kike tsoro ba, kin dai sami abin fakewa. 'Yan ƙauye kuma, kada ki tsaya a kasuwa kina shela ke kaɗai. Ku je wurin mai unguwa da dattawan nan, a yi maganar layin gaba a fili, domin sauran masu saye ma 'ya'yan wasu ne. Ranar da ruwa ya shiga falon wani babba, ba kamfani zai nema ba, kamfani ya tattara allonsa. Ku zai samu, ku da kuka sani.

Zai iya cewa baƙin ciki kike yi. Emilia za ta iya daina gaishe ki, ban ga abin da za ki rasa a nan ba. Ki haƙura, ki faɗa sau ɗaya a tsanake, ki bar shi da zaɓinsa. Abu guda ne ba nasa ba ne shi kaɗai: Mama ba za ta kwana a ƙasan ƙerana ba, ko gidan na zinariya ne. A kan wannan ki tsaya.

Kina 'yar shekara goma sha ɗaya kin fito da shi daga ruwan nan a bayanki, ba ki tsaya tambayar ko zai gode ba. Yanzu ya yi miki nauyin goyo, Mama ma haka. Ki fito da su tun ƙasa na bushe.

Allah ya ba ki bakin magana, ya tayar da kasuwar citta, ya ƙara wa Mama lafiya.

Anti Paulina