Zufar Tulu

Tawa, daren Laraba, bazarar 1964

Yau saura kaɗan in yi ɓarna a aji. Muna tsakar karatun Faransanci, Hadiza, 'yar ƙaramar nan ta ƙauyen Kalfu, ta ɗaga hannu ta kira ni Mushe, yadda yara ke kiran malami, ta yi tambaya da Hausa: "Mushe, mi ya sa ruwan tulu ya fi na bokiti sanyi?" Nan take yara suka miƙo sambal, ƙashin da ake rataya wa wanda ya yi Hausa a lakwal, wato makarantar boko. Na karɓa zan rataya mata, sai na ji bakina ya ce, "Ke mi kike tsammani?"

Ta ce da farko ta ɗauka inuwa ce. Ta kai su duka biyu gindin gawo, bokiti ya ƙi hucewa, sai ta gane tunaninta ya kauce. Yanzu zufar da tulu ke yi take zargi, amma ba ta tabbatar ba tukuna.

Shekara shida ina koyarwa, ban taɓa tambayar ɗalibi ta ina ya bi ya sani ba. Gobe za ta zo da tulun innarta mu gwada. In daraktan lakwal zai yi faɗa, ya yi.

Sambal ɗin yana aljihuna. Ai ni ma da Hausa na amsa mata.